Aminina Zai Sayar Da Motarsa Saboda Hannun Jarin Da Na Sayar Masa

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan fili, ina fatan an ga kaka lafiya. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya daure ya kai ƙarshe kafin ya fara zagina. Zagin na san na cancance shi, na ma riga kowa yi wa kaina. Shawara ce na rasa inda zan nema, domin mutum ɗaya tak nake kai wa irin wannan magana a duniya, kuma shi ne wanda na cuta.

Ni ɗan kasuwa ne a Gashuwa, ina sayar da kayan gyaran mota kusa da tasha. Fatauci ne ya kawo mahaifina daga Haɗeja, a nan ya rasu, bai bar mini ɗan'uwa ko ɗaya a garin ba. Matata ma ta rasu shekarun baya, Allah bai bar mana ɗa ba, ni kuma ban sake aure ba, ba don waliyyantaka ba, tsabar mutuwar zuciya ce. Wanda ya riƙe ni a wannan lokaci maƙwabcina ne, zan kira shi Ya Bukar. Babarbare ne, ya girme ni, direba ne mai motar kansa, babbar mota mai bodin katako, yana jigilar gero da dabbobi daga Kumagannam zuwa Gashuwa da Nguru. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Afuno, wato yadda Barebari ke ce wa Bahaushe. Tun ranar da aka share makoki ya ce mini, "Afuno, daga yau ba a hura wuta a gidanka, ba a kuma kawo maka kwano ɗaki kamar mai jego. Ƙofar gidana za ka riƙa zuwa." Haka aka yi. Kullum in yana gari, bayan magariba, tabarma ɗaya, akushi ɗaya, burabusko da miyar busasshen kifi, yana tsokanata wai Afuno bai iya cin abinci ba sai lissafi, ni kuma ina ce masa ya fara koyon Hausa tukuna kafin ya zage ni da ita.

Yanzu ga yadda hannun jari ya shigo tsakaninmu. Akwai wani kamfani da ke ƙera sifirin da takalmin birki na manyan motoci, ba zan faɗi garin da yake ba, ni ne dilansa a wannan yanki. Lokacin da gwamnati ta tilasta wa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, aka ware na ma'aikata da na diloli. Yayan matata a can yake aiki, ya faro daga akawu har ya zama darakta, shi ya ce in saya, na saya daidai ƙarfina. Duk shekara cakin riba na zuwa ta gidan waya, Ya Bukar ya raka ni banki yana ta mamaki a hanya. "Kai Afuno! Kana kwance kuɗi na zuwa? Ba taya ta fashe, ba inji ya buga, ba ɗan sanda a hanya?" Tun daga nan ya sa ni gaba in sayar masa da nawa, ni kuma ina dariya ina ƙi. Shi kuwa imaninsa da kamfanin ya fi nawa, domin shi ke hawa ƙarfen. Yakan ce, "Wannan sifirin na ɗora masa buhu kan buhu a yashin Kumagannam, bai taɓa ba ni kunya ba. Masu yin irin wannan ƙarfe ba za su faɗi ba har abada."

Bara, bayan an karya darajar naira, na je Nguru ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa, na tarar abin da aka aiko mini bai kai rabin abin da na nema ba. Ashe Darakta, yayan matar tawa, yana garin, ya zo rangadin diloli, ya aika in same shi a gidan saukar baƙi bayan azahar. Muka gaisa, muka yi wa marigayiya addu'a, sai ya tashi ya tura ƙofa ya ce in rantse da Allah abin da zai gaya mini ba zai fita daga bakina ba. Na rantse, ban ma tsaya jin mene ne ba. Ya ce, "Kamfani irin namu watanda ne. Banki da kamfanin inshora su ke riƙe da cinyoyi, mu daraktoci muna da tozo, ku ƙanana ku ne masu kayan ciki. To, masu cinya sun fara sakin nasu a hankali. Turawan da suka rage sun ɗaure kaya. Ƙarfen da muke narkawa daga waje yake zuwa, kuɗin waje kuma ya fi ƙarfinmu, injinan rabi a kashe suke. Mu ma na ciki kowa na sakin nasa ta hannun ƙanne da surukai, don kada a ga sunanmu a firgita." Na ce, "Yaya, to su ƙananan da ba su sani ba fa?" Ya ce, "Su za su riƙe igiya bayan saniya ta tafi. Albarkacin ƙanwata na gaya maka. Ka fita tun da sauran farashi." Ya ƙara da cewa in na kai wa dillalin hannun jari a Kaduna zan daɗe a layi, domin manya sun cika kasuwar da nasu, sai dai in ina da mai saye a hannu, a cike takarda a wuce wurin.

Ina da mai saye a hannu. Wallahi tun kafin motar da na hau zuwa gida ta wuce Jajimaji fuskar Ya Bukar ta zo mini, na yi a'uziyya, ta sake dawowa. Na ce wa kaina ai shi ya daɗe yana roƙo, ba ni na nema ba. Na ce ai Darakta ba Allah ba ne, wataƙila kamfanin ya farfaɗo. Na ce ai shi yana da mota, yana da 'ya'ya maza, ni wa gare ni in na tsufa? Kun ga yadda Shaiɗan ke yi wa ɗan kasuwa huɗuba? Ba ya ce maka ka yi sata, lissafi yake taya ka. A lokacin kuma na san Ya Bukar ya tara kuɗin sayen sabon inji, domin na motarsa ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na sani sarai, ni ne ma na nemo masa farashin injin.

A kan tabarmar nan na yi masa maganar, hannuna a cikin akushinsa. Na ce kaya sun yi tsada, ina bukatar kuɗi a hannu in cika shago, in har yanzu yana so zan sallama masa. Ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya dube ni yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya, ita ce ke hana ni sukuni har yau. Ya ce, "Surukinka na ciki ya ce komai lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau." Haka na faɗa, ban yi in'ina ba, ban ƙware ba. Ya ce, "Shi ke nan, inji ya jira baɗi, tsohon ma bai mutu ba." Muka je Kaduna tare, aka cike takardu, ya dangwala yatsa, na sa hannu. A hanyar dawowa shi ya saya mini tsire. Kuɗin na zuba su a tsofaffin kayan mota da ake shigowa da su ta bakin iyaka, kuma in faɗi gaskiya kayan sun karɓe ni, ciniki ya buɗe, abin da ya ƙara mini jin kunya ke nan.

Da takardar shaidarsa ta iso ya kai aka sa mata gilashi ya rataye a zaure. A tasha kuwa ba a isa a sayi sifirin na wani kamfani a gabansa ba. "Ku sayi na kamfaninmu," haka yake ce wa direbobi, shi da ko ƙofar masana'antar bai taɓa gani ba. Lokacin riba ya zo, caki bai zo ba, sai wata doguwar takarda da Turanci. Ya kai wa wani ma'aikacin gidan waya ɗan kudu, Mista Sunday, ya fassara masa cewa bana babu riba saboda halin da ƙasa ke ciki. Ya ce ai ko gona ba kowace shekara take yi ba. Daga nan ya ɗora wa Mista Sunday aikin duba masa farashi a jaridar Turanci duk lokacin da ta iso, farashin kuwa kullum ƙasa yake yi.

Ni kuma abinci ya gagare ni a ƙofar gidansa. Yaya za ka sa hannu a akushin mutum, kana jin ƙarar tsohon injinsa tun daga bakin gada, kana sane da inda kuɗin sabon ya tafi? Na fara da ƙaryar gyambon ciki, na ce likita ya hana ni yaji. Aka dafa mini nawa daban ba yaji. Na koma ƙaryar aiki, na ce kaya sun yi yawa sai na kai isha a shago. Wani lokaci in tafi Nguru ba gaira ba dalili, in kwana biyu a ɗakin haya ina kallon silin, don kawai kada magariba ta same ni a unguwa. Na canza masallaci. Na canza hanyar da nake bi zuwa tasha, ina zagayawa ta bayan kasuwar kifi kamar wanda ya ci bashi. Yanzu abincina shayi da burodi ne a bayan kanta, ni kaɗai, tsakanin sifirin da gwangwanayen giris. Akwai ranar da nakan wuni ban yi magana da kowa ba in ban da "nawa ne" da "Allah ya sa albarka". A garin da aka haife ni na zama baƙo, kuma ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina. Ina kewar mutumin nan ƙwarai, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinsa da asuba.

Da abin ya ishe ni na yanke shawarar in gyara ba tare da na tona kaina ba, kuma a nan ne na ɓata komai. Na haɗa abin da zan iya, na same shi a tasha yana ɗaure kaya, na ja shi gefe na ce, "Ya Bukar, takardar nan ka mayar mini, in ba ka kuɗinka yadda ka biya, ka je ka sayi injinka." Na zaci zai rungume ni. Sai ya ja da baya, ya ƙare mini kallo, ya fashe da dariya har yana dafa bodin mota. "Afuno! Afuno ɗan Haɗeja! Farashi ya faɗi warwas, kai kuma ka zo za ka saya a tsohon farashi? Yaushe Bahaushe ya fara sadaka da rana tsaka? Surukinka ya raɗa maka wani abu, ko ba haka ba?" Na rantse masa ba haka ba ne, rantsuwar ma ta ƙara masa tabbaci. Ku da ba ku san wannan yanki ba sai na yi muku bayani. Duk wanda ya yi arziki a nan da hatsi ya yi shi, kuma hanyar ɗaya ce: da kaka, lokacin da gero ya cika kasuwa farashi ya faɗi kowa na neman kai da shi, sai mai wayo ya saya ya zuba a sito ya rufe, ya jira bazara. Ya Bukar ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa masu sito buhunansu, yana kallon su suna gina gidajen siminti shi yana nan da bodin katako. A idonsa faɗuwar farashi ba alamar mutuwa ba ce, kaka ce ta zo. Zuwana kuma ya zame masa shaida cewa na ciki sun san bazara ta kusa.

Bayan 'yan kwanaki labari ya iso mini a shago cewa Ya Bukar ya sa motarsa a kasuwa, zai sayar ya ƙara sayen hannun jarin tun yana araha. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce shanunsa, ita ke ciyar da gida mai mutum fiye da goma, da ita babban ɗansa ke koyon tuƙi. Na rufe shago na same shi, na ce, "Ya Bukar, ka ji tsoron Allah, takarda ba gero ba ce. Gero in ya ƙi sayuwa ka ci abinka, wannan fa?" Ya ce, "Duk abin da ake saye a sayar gero ne." Na ce kamfani yana iya rufewa. Ya ce, "Banki na ciki, inshora na ciki, daraktoci na ciki, mutane masu kwat da digiri. Su mahaukata ne za su bar kuɗinsu a gidan da zai rushe? Ranar da ka ji sun fita, zo ka gaya mini, ni ma in fita." Jama'a, kun ji fa. Ya buɗe mini ƙofa da kansa, kalma biyu kawai zan faɗa, sun fita. Na tsaya ina kallon takalmina, na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, na juya.

Na koma Nguru inda ake samun layin tarho, na buga wa Darakta waya, na gaya masa halin da ake ciki, na roƙe shi ya warware mini rantsuwata. Ya ce, "Maƙwabcinka ka sayar wa? Kai wane irin mutum ne? Ai wanda ba ka sani ba ake sayar wa." Ya ce ba su gama fitar da nasu ba, in maganar ta fita daga tashar mota ta shiga jarida, sunansa ne zai ɓaci, wataƙila har gaban hukuma, kuma kowa zai san ta inda ta fito. Ya ce in tuna alheri ya yi mini. Ya kashe waya. Na fito na zauna a bakin titi ina tunanin maganarsa, wai wanda ba ka sani ba ake sayar wa. To shi wanda ba a sani ba ɗin, ba shi da mota? Ba shi da 'ya'ya? Amma ina ni ina wa'azi, ni da na zaɓi wanda na fi sani a duniya.

Kada wani ya rubuto ya ce mini in yi kaffara in karya rantsuwa, na san wannan, na yi karatun allo daidai gwargwado. Ba rantsuwar ce ta ɗaure ni ba, da ita nake fakewa. Abin da nake tsoro shi ne tambayar da za ta biyo baya. In na ce masa manya sun fita, zai ce yaushe ka sani? Ya Bukar bai yi boko ba amma ba wawa ba ne, zai tuna tafiyata Nguru, zai tuna "lafiya lau". Mutum ne da in ya yarda da kai ya yarda har ƙashi, in ya juya baya kuma ko a makabarta ba zai dube ka ba, na ga ya yi wa ɗan'uwansa na jini haka a kan abin da bai kai wannan ba. Na yi tunanin in aika wani ya gaya masa, to wa zai yarda da shi fiye da ni? Na yi tunanin in sayar da shagon in ajiye masa kuɗin a ƙofar gida in bar garin, amma hakan ba zai hana shi sayar da motar ba, sai ma ya ƙara da kuɗin ya sayi wasu.

Shekaranjiya da la'asar ina bayan kanta sai na ji sallamarsa. Ya shigo ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Afuno, ni ba yaro ba ne, na san abin da ya raba ka da ƙofar gidana. Ba gyambon ciki ba ne." Na ce a raina yau asirina ya tonu, kuma wallahi har wani sanyi na ji. Sai ya ce, "Ka shiga matsi ka sayar mini da abin da kake taƙama da shi, ka dawo ka nema na yi maka dariya a gaban mutane. Ban kyauta ba. Na ci amanar maƙwabtaka, ka yafe mini." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce wani Alhaji daga Nguru ya ga motar, sun daidaita, da ya gama jigilar kakar nan za a yi ciniki, kuma ni yake so in zama shaida. Ya ce kuɗin ni zan kai Kaduna tunda ni na san dillalin, kuma cikin abin da za a saya a rubuta kashi ɗaya cikin uku da sunana, kyauta, ba rance ba. "Ba ka da ɗa, ba ka da wa. In bazara ta zo mu ci tare. Kada ka ce a'a, in ka ce a'a ban yafe ba." Ya tashi ya fita yana share ido da bakin rigarsa, ni kuma na kasa ko raka shi bakin ƙofa.

Jigilar kaka ba ta wuce 'yan makonni, shi ya sa nake roƙon Malam Edita ya taimaka ya buga wannan da wuri. In na yi magana, motarsa ta tsira, ni kuma na rasa shi, na rasa surukina, in ƙare rayuwata a garin da kowa zai nuna ni a tasha ya ce ga wanda ya ci tuwon mutum ya sayar masa da mushe. In na yi shiru, ni zan tsaya shaida a karɓi makullin motarsa, ni zan ɗauki kuɗin da hannuna in kai wa waɗanda ke jiran irinsa su sauke masa nasu, kuma zai tsaya a tasha yana ɗaga mini hannu yana sa mini albarka. Ɗazu ma ya aiko a tambaye ni ko jirgin ƙasa na fi so ko mota, wai shi zai biya kuɗin hanya.

Don girman Allah, jama'a, me zan yi?

Naku, wani bawan Allah daga Gashuwa, jihar Borno.